Kiran Suna a Arfa

Tun da na dawo daga Makka abokan zamana na bencin ƙofar shago ba su bar ni na huta ba. Kullum sai an ce, "Malam Sule, yaya garin? Me ka gani?" Dabino na raba, ruwan Zamzam na raba, amma labarin na kasa ba da shi da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya ga zai iya ci gaba da gaishe ni, na gode. Wanda ya ga ba zai iya ba, ba zan ga laifinsa ba.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don ba umara kaɗai ba ce.

Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, ni da yayana Haruna muna zaune a Makka ba mu da takardar izinin zama. Shi ya yi aure a can, ya auri Zainabu, jikar Hausawan da suka je Hajji a ƙasa suka zauna. Suna da ɗa ɗaya, Usmanu, ɗan shekara uku. Lokacin Hajji mukan sami aikin dafa shinkafa a Arfa. Ƙa'idar aikin ita ce, in rana ta faɗi aka loda tukwane a babbar mota, shugaban aiki zai kira sunan kowa, kuma mota ba ta motsi sai kowa ya amsa. A shekarar da nake magana, rana ta bugi Yaya tun azahar. Na kwantar da shi a bayan wani tankin ruwa na koma bakin wuta. Da aka zo kiran suna, askarawa suna kusa suna duba takardun leburori, mota bayan mota. Na san in aka tsaya neman mutum za su iso kanmu. Muryata da ta Yaya iri ɗaya ce. Da aka ce "Haruna," sai na sunkuyar da kai na ce "Na'am." Mota ta tashi.

Na yi niyyar komawa, Allah ne shaida. Amma a wannan lokaci duk jama'a gaba suke yi, ba mai iya keta su. Sai bayan kwana biyu na koma, ban tarar da komai ba sai takalma da shara. Na je na ce wa Zainabu na ga Yaya ya hau motar Jidda, ya ce ya gaji da zaman. Bayan wata guda na miƙa kaina ga hukuma aka dawo da ni gida. A kan wannan ƙarya Usmanu ya girma, a kanta Zainabu ta rasu bara. Da labarin rasuwarta ya iso, abinci ya daina yi mini daɗi. Na sayar da injin yankan katakona, na nemi bizar umara, da niyya ɗaya: in faɗa wa Usmanu cewa ubansa bai gudu ya bar shi ba.

Daga Kano muka tashi da hantsi, bayan alhazai sun gama dawowa. A banɗakin jirgi na ɗaura harami, wurin da ko juyawa mutum ba ya iya yi, na fito da shi a karkace, wata tsohuwa 'yar Haɗeja ta ce, "Malam, gyara, ba ka kai Makka ba za ka tona wa kanka asiri." A Jidda kuma na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Shekara da shekaru ina gugar katako, yatsuna sun yi sumul. Jami'in ya danna, ya goge, ya sake dannawa, ni kuwa zufa ta keto mini, ina tsammanin tsohon laifina ne ya fito a allonsa. Daga ƙarshe ya shafa mini wani mai, abin ya kama. Da suka buɗe jakata, wani matashi a cikinsu ya kwance ƙullin daddawar da na kawo tsaraba, ya kai hanci, ya ja da baya yana salati. Garin kukar da na haɗa da ita ya wuce, daddawa ta kwana a Jidda.

Usmanu ne ya tare ni. A waya kawai muke gaisawa, Salla zuwa Salla. Dogo ne cikin farar jallabiya, gemu ya fara furfura. Kafin ya yi magana ya yi gyaran murya sau biyu, gajeru, yadda Yaya yake yi. Sai da na dafa ƙarfen da ke kusa da ni.

"Ahlan, Baffa, sannu da hanya. Tayyib? Yalla mu je, sayyara tana can."

Haka Hausarsu take, rabi da rabi da Larabci, mota ma sayyara ce. Na yi umarata lafiya, Allah ya karɓa. Garin dai ban gane shi ba. Dutsen da muka zauna a kansa ni da Yaya babu shi, an sare shi an dasa benaye.

Gidan Usmanu yana unguwar Shisha, a hawa na huɗu. Aka ba ni ɗakin baƙi, mai na'urar sanyi da ban san yadda ake kashe ta ba, kunya kuma ta hana ni tambaya, na wayi gari da mura a tsakiyar zafin Makka. Ƙofar kowa a rufe take. Kwana takwas na yi ban ga fuskar maƙwabcinsa ba, alhali a wajenmu baƙo bai gama wanke ƙafa ba unguwa ta zo da kwanuka. Da safe wani faffaɗan burodi suke ci mai suna tamis, da dafaffen wake, a kan leda a ƙasa. Tsiren ma suna da shi, har Larabawa suna layi a kansa, sai dai yajin ba ya sa hawaye.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, siriri, mai yawan shiru. Na ji uban ya ƙwala masa kira, "Harun!" gatsau. A gida wanda ya ci sunan kaka sai dai a ce Abba ko Baba, uba ba ya kama sunan. Na tambaye shi yadda aka yi ya sa masa sunan.

"Umma ce ta dage," in ji shi. "Da ni ne, ba zan sa sunan mutumin da ya hau mota ya bar mu ba. Ka san wahalar da na sha kan takardu saboda shi?"

Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, ga shayi a gabanmu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta."

Usmanu malamin makaranta ne, kuma a hutun bazara shi ke shugabantar abin da suke kira nadi. In aka rufe makarantu, zafi ya hana yara fita, sai a tara su a wata makaranta a unguwar Ka'akiyya daga la'asar zuwa isha, a yi karatun Alƙur'ani, a buga ƙwallo, a koyi wasan kwaikwayo. Yawancinsu jikokin Hausawa ne, amma Hausar ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Mako shida ake yi, ni na tarar da na ƙarshe. Usmanu ba shi da lokacin kansa, don haka kullum sai in bi shi, ina cewa yau zan sami sarari.

Direban bas ɗinsu wani mutumin Damagaram ne, Illiya, ya daɗe a can da takardar aiki. Yana jin daga inda na fito ya washe baki.

"Bakano! Me ka kawo sayarwa? Kar ka ce ibada ka zo, ba mai yarda."

"Na zo ganin inda Damagarawa suka ɓuya ne," na ce, "tun da aka koro kakanninku daga bakin ganuwar Kano."

"Ustaz, ka ji baffanka? A ƙirga kujerun motata in ya sauka."

Shi ne mutum na farko da ya sa ni dariya a garin.

Makon ƙarshe na nadi wani iri ne. Kullum sai a ciccire takardun da yara suka manna a bango, a kulle aji ɗaya ko biyu. Sawun ƙusoshi da gam ya rage a bango, benen sama ya koma duhu, in yaro ya yi gudu a baranda sai ka ji sawunsa yana dawowa daga ɗakunan da ba kowa. An ajiye wani kwali a bakin ƙofa na kayan da aka manta, huluna da gorunan ruwa da takalmi wari ɗaya, ba wanda ya zo ɗauka. Duk lokacin da za a shiga mota, wani matashin malami, Ustaz Yasir, zai tsaya a bakin ƙofa da ƙaramar lasifika ya kira sunaye talatin da biyu. Kowa ya ce "Hadir," wato ina nan. Yaran sun mai da abin wasa, wani ya amsa da muryar tsoho, wani da kukan kyanwa, shi kuma ya gaji da tsawatarwa, duk abin da ya ji sai ya wuce. Ni in aka fara sai in sami abin kallo ta taga.

Ranar Talata Usmanu ya ce in ba yaran labarin Hajjin da. Na ba su labarin tukwanen da mutum zai iya kwanciya a ciki, da ludayin da ya kai tsawon shebur, yana fassarawa suna dariya. Wani yaro mai kumatu, Anas, ya ɗaga hannu.

"Jaddi, a cikinku ba wanda ya taɓa ɓata?"

Jaddi shi ne kaka, haka duk suke kira na. Na ce, "Babu." Usmanu ya ji daɗin labarin, ya ce gobe za a kai yara yawon ƙarshe Arfa, sai in je in nuna musu inda muka yi girki.

Ku da kuka je Hajji kun san Arfa cike da mutane. Ba ku san ta ba kowa ba. Mun bi ta Mina bayan la'asar, fararen tantuna jere har iya ganin ido, ba mutum ko ɗaya, iska tana ɗaga bakin wani tana sakewa. Yaran da suke ta waƙa tun daga Ka'akiyya suka yi tsit ba wanda ya ce su yi. A Arfa tituna masu faɗi sun miƙe ba mota, famfuna jere a bushe, bishiyoyin darbejiya ba ko tsuntsu. Wata lasifika a kan dogon ƙarfe tana ta wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar wanda zai yi magana ya fasa. In yaro ya yi ihu, muryar ba ta zuwa ko'ina. Illiya ya ƙi sauka daga mota.

"Bakano, ni ba na son wurin nan in ba mutane," ya ce, ba dariya a fuskarsa. "Duk shekara ina kawo su, duk shekara sai na ji kamar ana kallon ƙeyata."

Zafin kuwa, ko da rana ta yi ƙasa, daga kwalta yake tasowa. Na zaga da su, na nuna nan na nuna can, amma gaskiya ban gane komai ba. Kaina ya yi nauyi. Sau biyu na ji ƙaurin shinkafa a hancina, alhali ba wuta a ko'ina.

Da almuru ya kawo kai aka ce a shiga mota. Na zauna can baya, Anas a gefena. Usmanu yana gaba, waya a kunne, yana rigima da masu kawo kujerun bikin rufewa. Ustaz Yasir ya fara kira. Na rufe ido. Hadir, hadir, kukan kyanwa, dariya, hadir.

"Harun Usman."

"Na'am."

Ƙasa-ƙasa aka faɗe ta, kusa da kunnena. Muryar Yaya ce. Ban yi shakka ba a lokacin, ba na yi yanzu. Ustaz Yasir ya wuce suna na gaba, ƙofa ta rufe, mota ta tashi. Na kasa motsi har muka wuce allunan da ke nuna iyakar Arfa. Sannan na daure na miƙe, na bi kawunan yaran da ido, kujera kujera.

"Illiya, tsaya! Tsaya don Allah! Yaron ba ya ciki!"

Ya taka birki har yara suka faɗa kan juna. Da baya-baya ya koma, tun da ba wata mota a titin. Usmanu ya dira yana kiran sunan ɗansa, malamai suka watsu. Ni ban kira kowa ba. Ƙafafuna suka ɗauke ni, na keta ta tsakanin bishiyoyi, na zaga bayan wasu tankunan ruwa da ban lura da su ba ɗazu. Yana nan kwance a gefensa, jini ya bushe a hancinsa, gorarsa ba ko ɗigo. Ya je neman famfo mai ruwa ne jiri ya kayar da shi. Na ɗago kansa na ɗora a cinyata. Idonsa a buɗe yake. Ya yi magana da Larabci, kuma ragowar Larabcina ta isa in gane.

"Na ji an kira sunana, Jaddi. Na kasa ɗaga murya. Sai na ji motar ta tafi."

Shekara arba'in ina gaya wa kaina cewa Yaya a sume yake, bai san an tafi ba.

Aka kai yaron wani ƙaramin asibiti, aka sa masa ruwa, likita ya ce zai tashi. A harabar asibitin Usmanu ya tsare Ustaz Yasir.

"Ka kira, an amsa? Wa ya amsa? Yau wasan nan zai ƙare. Wanda ya yi, ya fito!"

Yara suka sunkuyar da kai. Yasir yana ta rantsuwa, hawaye a idonsa. Sai Anas ya ɗaga hannu a hankali, kamar a aji.

"Ustaz, Jaddi ne. Ina kusa da shi. Idonsa a rufe, ya sunkuyar da kai ya ce na'am."

Har yau ban tuna na buɗe bakina ba. Abin da na tuna shi ne na ji murya. Amma yaron ba shi da dalilin yi mini ƙarya, kuma a motar nan ba mai amsa kira da wannan kalma sai ni.

Usmanu ya sa aka mayar da yara mota. Muka rage mu biyu a kan wani benci na siminti.

"Baffa, me ya sa?"

Na faɗa masa. Tankin ruwa, askarawa, kiran suna, motar Jidda da ba a taɓa yi ba. Ban rage komai ba, ban kuma yi wa kaina ado ba. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Da ransa ka bar shi?"

"Da ransa."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce in na samu ƙanƙara in kawo masa."

Ya tashi ya shiga wajen ɗansa. Bayan jimawa Illiya ya zo ya ce an ce a ɗakinsa zan kwana. Ɗaki ne ɗan ƙarami a Ka'akiyya, su uku suke zaune a ciki. Ya shimfiɗa mini katifarsa, ya haɗa mini shayi irin na Nijar mai ɗaci, bai tambaye ni komai ba, bai kuma ce mini Bakano ba.

Ranar Alhamis aka yi bikin rufe nadi. Na so in ƙi zuwa, Illiya ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Na zauna a kujerar ƙarshe. Iyaye sun cika harabar, an yi karatu, an yi wasan kwaikwayo, aka zo raba takardun shaida. Usmanu ne ke kira, kowane yaro da sunan ubansa. Harun ya zo, da auduga manne a bayan hannunsa. Aka iso kansa. Uban ya ce, "Harun, ɗan Usman, ɗan Haruna. Allah ya ji ƙan Haruna." Jama'a suka ce amin, ba su san cewa tun da aka haife shi bai taɓa faɗin haka ba. Bai dubi inda nake ba. Bayan an watse na ga ya je ya kama hannun Ustaz Yasir ya daɗe yana riƙe da shi. Aka kwashe kujeru, aka kashe fitilu, mai gadi ya sa kwaɗo.

Juma'a, muna fitowa daga sallar asuba, na ga motar Usmanu a ƙofar masallaci. Ya buɗe mini ƙofa na shiga. Ya ja mota har Arfa. Rana ta fara fitowa, filin yana nan yadda muka bar shi.

"Nuna mini wurin."

Na kai shi bayan tankunan. Na duba dutsen, na duba gabas, na ce, "Usmanu, ba zan ƙara yi maka ƙarya ba. Ban sani ba ko nan ne. Duk an canza."

Ya gyaɗa kai. Ya cire takalmi ya fuskanci alƙibla, ya ce za mu yi masa salla. A wajenmu ban taɓa ganin an sallaci mamaci ba gawa a gaba ba, amma su a can suna yi wa wanda ya mutu ba a same shi ba. Na tsaya nesa, don ban ga ina da fuskar shiga ba.

"Ban yafe maka ba, Baffa," ya ce, bai waiwayo ba. "Ban sani ba ko zan iya. Haƙƙin Umma kuma ba nawa ba ne balle in yafe. Amma ba shi da kowa a nan sai ni da kai. Matso."

Na matsa na tsaya a damansa. Ya yi kabbara huɗu, a ta uku ya daɗe ƙwarai. Da ya yi sallama bai motsa ba. Ya dubi ƙasar da ke gabanmu, busasshiya, ba komai a kanta sai sawun kyanwa, ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ko kalma ɗaya ta Larabci.

"Baba, ni ne Usmanu. Ban san kana nan ba. Da na zo tuntuni."